Jinin Malam Isuhu

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin labo. Tunda ku sababbi kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa nake tsare mutum da magana kafin in ɗaura masa roba a hannu, bari in gaya muku yau ku huta da yi da ni a bayan ido. Na san kuna cewa tsohon nan ya cika surutu, layi ya kai bakin ƙofa shi yana ta tambaya kamar jandarma. Ku ci gaba da faɗa, ba ya hana ni cin tuwo. Sunayen da zan ambata ba na ainihi ba ne, ƙauyensu ma ba zan faɗe shi ba, don sirrin majinyaci ba ya tsufa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba ma rubuta magani, ba ma ba da shi. Likita ke duba mutum ya rubuta gwajin da yake so, mu ɗebi jini ko fitsari, mu auna, mu mayar masa da amsa. Cikin gwaje-gwajen da muka fi yi akwai na hanta da na ƙoda. A na hanta muna neman wasu sinadarai da ke zaune cikinta, waɗanda ba sa malalowa cikin jini da yawa sai ta fara lalacewa. A na ƙoda muna auna kireyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa ta fitar cikin fitsari. In ya taru cikin jini, to ƙodar ta gaza aikinta. Abin da ya sa ake naci a kan waɗannan biyun shi ne ba su da yawan ƙorafi. Mutum yana iya noma, yana cin kasuwa, yana wasa da 'ya'yansa, alhali ɓarnar ta yi nisa a cikinsa.

Malam Isuhu manomi ne daga wani ɗan ƙauye a ƙasar Yekuwa. A farkon damina aka gano yana da tarin fuka, aka ɗora shi a kan magani. Maganin yana warkarwa, amma yana da nauyi a kan hanta, shi kuwa dama yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Saboda haka likitarmu ta tsara masa hanya: ya riƙa karɓar magani a ƙaramin asibitin da ke kusa da su, a hannun majar, wato babban ma'aikacin jinya mai riƙe da wurin, amma lokaci-lokaci ya zo Magariya mu auna masa hanta da ƙoda. Gwajin farko abokin aikina ya yi shi ina hutu, komai ya fito lafiya. Ni ban taɓa ganin fuskar mutumin ba.

Wata Talata a tsakiyar damina, lokacin maimai, na leƙa baranda na kira sunan. Wani dogon mutum ya amsa ya miƙe, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Ya miƙo mini katin asibiti, ya zauna, ya naɗe hannun riga. Na dube shi na ce, kai, lalle magani ya karɓe ka. Ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi, likita, alhamdu lillahi." Kun san mutanenmu, duk wanda ya sa farar riga likita ne. Na ɗebi jinin, na danna masa auduga. Bai jira ba. Ya ce a aika wa majar da amsa ta waya yadda aka saba, shi zai bi motar da ke shirin tashi, don ya bar gona da ciyawa.

Bayan azahar amsa ta fito. Hanta fes, ba abin da ya taɓa ta. Amma kireyatinin ya ninka abin da ya kamata sau da yawa. A aikinmu, in ka ga amsa mai ban tsoro, na'urarka za ka fara zargi kafin jikin mutum. Na gwada ta da ruwan da muke tabbatar da lafiyarta, ta amsa daidai. Na maimaita gwajin da sauran jinin, ya dawo inda yake. Ban ba kowa takardar ba, ni na ɗauka na kai ofis ɗin likita.

Ta duba ta ce, "Malam Habu, ka tabbata?"

Na ce, "Dokta, na maimaita."

"Ƙodar da ta fito lafiya kwanan baya ba ta rushewa haka ba dalili. Ina mutumin?"

"Ya tafi."

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa, har da sauri."

Ta ce, "Duk inda mai wannan jinin yake, a nemo mini shi. In aka bar shi ƙodarsa za ta tsaya, kuma ba zai sani ba sai ta tsaya."

Muka kira majar. Ya ce ya kwana biyu bai ga Malam Isuhu ba, ƙanensa ne ke zuwa karɓar magani, kamar yadda ake yarda wa na nesa in ruwa ya ɓata hanya. Ƙauyensu kuma waya ba ta shiga sai an hau tudu. Likita ta ce in je da kaina in sake ɗebo jini in taho da mutumin. Washegari da sassafe na ɗaure akwatin sanyi a bayan moto, wato babur, na biya na ɗauki majar, muka shiga hanyar amalanke. Inda yashi ya yi yashi mu sauka mu tura, inda ruwa ya kwanta mu zagaya ta bakin gonaki. Da hantsi muka isa.

Garin wayam, kowa yana gona. Wata mata ta yi mana iso, ta kai mu ƙarƙashin rumfa. Mutum ne kwance a tabarma, ya rame har wuya ya fito, ga ƙwarya a gefensa da aka ajiye masa don amai. Da ya ɗago kai sai na ga idanunsa sun yi rawaya kamar an shafa musu gangamau. Majar ya durƙusa ya ce, "Malam Isuhu, ya jiki?"

Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Ba shi ba ne."

Ya ce, "Shi ne mana. Ni ban san majinyacina ba?"

Na kama hannuwan mutumin biyu na duba. Babu alamar allura ko ɗaya. Shi kuwa da ya ga muna ta kallon juna, sai ya ce da ƙaramar murya, "Ai Sabi'u ya je jiya. Ko bai isar ba ne?"

Aka aika gona. Ba a daɗe ba sai ga dogon mutumin nan nawa ya shigo, hauya a kafaɗa, ƙafafu duk laka. Ya gane ni, ya washe baki, ya ajiye hauyar ya ba ni hannu biyu, yana ta sannu da hanya. Shi ne Sabi'u, ƙanen Malam Isuhu.

Na ce, "Kai ne ka zo jiya?"

"Ni ne, likita."

"Da na kira Isuhu, me ya sa ka amsa?"

Ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi me ya sa yake gaida mutane. Ya ce, "Ai wakilinsa nake. Yaya ya kwana yana amai, ba zai iya zaman amalanke ba. Majar kuma ya ja mana kunne kada ranar awo ta wuce. Shi ne muka zauna aka ce in je. Haraji ni ke kai masa. In mai gari ya kira, ni ke zuwa. Maganin ma ni ke amsowa, ba wanda ya taɓa cewa ba daidai ba ne."

Na ce, "Wannan jini ne, ba haraji ba!"

Ya ce, "To ai jinin ɗaya ne, likita. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Rijiya ɗaya muke sha, tukunya ɗaya muke ci. Abin da ke cikin nasa ai yana cikin nawa. Ko hajji ma ana yi wa mutum in bai iya zuwa."

Wallahi raina ya ɓaci, na kuwa buɗe baki. Kun san ni in na fara. Na gaya masa saura kaɗan ya kashe ɗan'uwansa da ladabi, cewa da mun yarda da takardar jiya da an ci gaba da ɗura wa wannan bawan Allah maganin da ke cin hantarsa. Ya sunkuyar da kai. Babu ha'inci a fuskarsa ko kaɗan. Mutum ne da ya bar gonarsa, ya yi doguwar tafiya, ya ba da jininsa, yana jin ya sauke nauyin zumunci.

Ina cikin faɗan sai na tsaya cak. Sai a lokacin na tuna abin da ya kawo ni. Likita ba ta ce in nemo Malam Isuhu ba, ta ce in nemo mai jinin. Mai jinin kuwa shi ne wannan da ke tsaye gabana da laka a ƙafa, wanda duk gidan ke kallo a matsayin mai lafiya.

Muka fara da na kwance, don nasa ya fi gaggawa. Majar ya hau tudu ya kira likita, ta ce a tsayar da maganin nan take a kawo shi. Ana ɗaura wa sa amalanke, ni kuma na ja Sabi'u bayan rumbu inda ba mai jin mu. Na sa majar ya auna masa tansiyo, wato hawan jini. Ya yi sama ƙwarai. Na danna ɗan yatsa a ƙaurinsa, wurin ya loɓa bai dawo da wuri ba. Na tambaye shi fitsari, ya kawar da kai don kunya, sannan ya ce yana kumfa, kuma yana yawan tada shi daga barci. Ciwon kai fa? Ya ce wannan ai na kowa ne. Me kake sha in ya tashi? Ya zaro ƙullin leda daga aljihu, ƙwayoyi kala-kala irin haɗin da masu tebur ke sayarwa a kasuwa. Ya ce da safe yake watsa su kafin ya fita, shekara da shekaru, bana kuma ya ƙara, tunda gona biyu yake nomewa.

Na ce, "Sabi'u, jinin da muka auna jiya naka ne, amsar ma taka ce. Ƙodarka ba lafiya, kuma abin ya yi nisa. Likita ta ce in zo da kai."

Ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce, "Ni? Likita, dubi ni fa. Tun asuba nake duƙe, ko ruwa ban nema ba."

Na yi masa bayani yadda na yi muku ɗazu, na ce ƙoda ba ta kuka sai ta kusa tsayawa. Na ce in ya zo yanzu aka saukar da tansiyo, ya bar ƙwayoyin nan, aka tura shi Damagaram manyan likitoci suka duba shi, ana iya riƙe abin da ya rage. Ya saurara har na gama. Sannan ya nuna mini gonar da ke bayan gari da haɓa.

"Waccan ta Yaya ce, ta gabanta tawa. In na bi ka yau, wa zai yi maimai? Gida biyu ke ci a hauyar nan. Ka bari in gama, zan zo da ƙafata."

Na roƙe shi, majar ya roƙe shi. Abin da muka samu kawai, ya ba ni ƙullin ƙwayoyin, ya yarda in sake ɗibar jininsa da sunansa, ya kuma karɓi maganin tansiyo. Da muka juya za mu koma sai ya riƙe mini hannun riga.

"Don Allah, likita, kada Yaya ya ji. In ya ji, tashi zai yi daga gadon asibiti ya dawo gona, kuma ka ga yadda yake. Amana na ba ka."

Ƙa'idar aikinmu ma haka ta ce: ciwon mutum nasa ne, ba a gaya wa wani sai da yardarsa. Na ce masa na ji.

Malam Isuhu ya kwanta a wajenmu. Gwajinsa na gaskiya ya nuna hanta ta ji jiki sosai, ƙoda kuwa lafiya lau. Aka bar hantar ta huta, muna aunawa a kai a kai, awon yana sauka, rawayar ido tana washewa. Da ta daidaita, likita ta mayar masa da magungunan ɗaya bayan ɗaya, tana duban amsarmu kafin ta ƙara na gaba. Allah Ya ba shi sauƙi. Jinin Sabi'u na biyu kuma ya fito kamar na farko.

Wannan lokacin ne ya fi mini nauyi a duk shekaruna na aiki. Ina ɗibar jinin Malam Isuhu, shi yana ba ni labarin ƙanensa. "Yaron nan ƙarfe ne, likita. Tun muna yara bai taɓa kwanciya ba. Ba don shi ba, bana da ba mu ga hatsi ba." Ni kuwa sai in duƙar da kai in yi ta gyaran auduga. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki na haɗiye.

Ban zauna ba. Duk sanda majar ya kira, sai na tambaye shi Sabi'u. Likita da kanta ta yi magana da shi ta waya, ya ce mata ranki ya daɗe, na kusa. Aka gama maimai, ya ce a bari gero ya nuna, tsuntsaye sun yi yawa. Aka yanke gero, ya ce saura wake. Ranar da ya zo ɗaukar yayansa da aka sallama, na tare shi a bakin ƙofa, na ga fuskarsa ta fara cika. Na ce ga ka ga asibiti, shigo mana. Ya ce motar tana jira, kuma ba zai bar Yaya ya koma shi kaɗai ba. Ya yi mini alkawarin dawowa da zarar an ɗaure damma an kai rumbu.

Ya cika alkawari, amma a kwance. Bayan kaka aka kawo shi a amalanke har bakin hanya, daga nan mota. Jiki ya kumbura, numfashi sama-sama, fitsari ya kusa ɗaukewa. Malam Isuhu ne ke riƙe da kansa. Da na auna, kireyatinin ya wuce inda na bar shi nesa. Likita ta rubuta a kai shi Damagaram, inda ake wankin ƙoda, wato a haɗa mutum da na'ura ta tace masa jini a madadin ƙodar. A ranar, da yardar Sabi'u, aka gaya wa yayansa komai, har da tun lokacin da aka sani.

Malam Isuhu ya same ni a labo ina wanke hannu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Likita, na ji a rediyo ana cire ƙodar mutum a sa wa ɗan'uwansa. Kai ka ce nawa lafiya lau suke, kuma biyu ne. A ɗauki ɗaya. In biyun ake so, a ɗauka."

Na zaunar da shi. Na gaya masa ba a nan ake yin wannan aikin ba, kuma ko an kai shi inda ake yi, mai ƙwayar ciwon hanta da bai gama maganin tarin fuka ba, ba za a karɓi ƙodarsa ba. Ya tashi ya bi motar da za ta kai ƙanensa Damagaram.

An yi wa Sabi'u wankin ƙoda na ɗan lokaci. Bai kai ga ganin wata damina ba. Majar ne ya kira ya gaya mini, na je gaisuwa ranar sadakar uku, na zauna cikin mutane ba wanda ya san abin da ke tsakanina da mamacin.

Bayan haka Malam Isuhu ya zo awonsa na ƙarshe, don an kusa sallamarsa daga magani. Na ɗebi jinin. Yana riƙe da audugar ya ce, "Likita, in tambaye ka. Da ban aike shi ba ranar nan, da ba a ga ciwon ba ko?"

Na ce, "Da ba a gani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To an gani. Me ganin ya yi masa?"

Da Sabi'u ya biyo ni a ranar, ko da ya ƙara shekara biyu, ko biyar, ko ba komai, Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani shi ne na'urata ba ta yi kuskure ba, likita ba ta yi ba, amsa ta fito da wuri, kuma duk da haka mun rasa shi.

Daga lokacin na koyi abu biyu, su nake so ku riƙe. Na farko, mutanenmu sun tashi cikin tsaya wa juna. Ƙane yana amsa kiran wa, ɗa yana amsa na uba, kuma a wurinsu wannan mutunci ne, ba yaudara ba. Ba su za su bar halinsu a bakin ƙofar asibiti ba, mu ne za mu tambaya. Shi ya sa kuke jin ina cewa, kai ne mai ciwon, ko aiko ka aka yi? Kada ku ji kunyar tambayar nan, kuma in an ce aike ne, kada ku yi tsawa irin tawa.

Na biyu ya fi wuya, ni ma ban gama koyonsa ba. Fitar da amsa daidai rabin aiki ne kawai. Kafin ka gaya wa manomi ya bar gona ya kwanta, sai ka san wa zai ɗauki hauyarsa, in ba haka ba zai gode maka ya koma. Yanzu in na ga irin wannan amsar, kafin mutumin ya fita sai na roƙe shi ya zaɓi mutum ɗaya daga gidansu a gaya masa a gabansa, a zauna a yi shawarar gonar tare da ta ciwon. Wasu suna yarda, wasu ba sa yarda.

Gero ya yi kyau a shekarar, rumbunan gidan biyu sun cika. 'Ya'yan Sabi'u suna hannun Malam Isuhu, shi ke noma gonar biyu yanzu.